Neman Amo a Jitar Lantarki: Nazari Daga Titin Zoo Zuwa Agadas

Jitar lantarki ba ta da ƙoƙon da zai ɗaga sautinta irin na garaya ko gurmi. Idan aka kaɗa tsirkiyarta babu wuta, da ƙyar na kusa zai ji. Amonta yana bin hanya ne: daga yatsun makaɗi zuwa tsirkiyar ƙarfe, zuwa maganaɗisun da ke ƙarƙashinta, ya bi waya ya shiga amfilifaya, ya fita ta lasifika. Kowace gaɓa a nan ana iya sauya ta da kuɗi, abin da ya haifar da ɗabi'ar sabunta kaya ke nan tsakanin 'yan jita a duniya.

A Kano jita ba ita ce uwar kiɗa ba. Sitidiyoyin Titin Zoo, wanda ya taso daga Dangi a Gyaɗi-Gyaɗi, sun gina waƙar fim ne a kan fiyanon Yamaha, daga baya kwamfuta ta karɓe aikin. Jita ta fi zama a coci-coci da wuraren rawa na Sabon Gari. Saboda haka matashin Tarauni da ya kamu da sonta yakan koya ne daga bidiyon waya, kuma bidiyon nan na mutanen da wutarsu da yanayinsu da aljihunsu suka bambanta da nasa ne. Shawararsu kan fara da abin da ya fi tsada.

Abin da aka fi kwaɗayin sauyawa shi ne maganaɗisun ɗaukar sauti, wanda siririyar wayar tagulla ke nannaɗe da shi sau dubbai. Iri biyu ne suka shahara. Mai naɗi ɗaya, irin na Fender Stratocaster da ta fito a 1954, sautinsa siriri ne mai kaifi, amma yana kwaso gunjin lantarkin da ke kewaye. Mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson aka ɗora wa Les Paul a 1957, yana kashe gunjin, sautinsa kuma ya fi kauri. A ɗakin da aka ja waya babu ta ƙasa, ga janareta a bayan taga, ga cajar waya ta arha a soket ɗaya, wannan bambanci ya wuce batun sha'awa. Sau da yawa abin da makaɗi yake zargin jitarsa da shi laifin wutar gidan ne.

Wutar tana da wani tarkon. Ta Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Amfilifayar hannu da aka ƙera don kasuwar Amurka, in aka cusa ta kai tsaye babu taransifomar rage ƙarfi, ta ƙone. Masu bawul na gilashi, waɗanda ake yaba ɗumin sautinsu, samun bawul ɗin canjinsu wahala ne. Masu taransista, irin Roland JC-120 da ta fito a 1975, sun fi juriya, sautinsu kuma tas yake. Wanda ya sayi sitabilaiza da waya mai kyau kafin ya sayi fedar sauya sauti ya fi kusa da biyan buƙata, ko da yake babu mai ɗaukar hoton sitabilaiza ya nuna wa abokai.

Sai yanayi. Hunturu yana busar da katakon wuyan jita har bakin ƙarafan da aka jera a kansa su riƙa kartar hannu, damina kuma ta sa tsirkiya tsatsa. Sabuwar tsirkiya da daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuyan sukan gyara amo fiye da kayan da suka ninka su kuɗi sau goma.

Fedoji, ƙananan akwatunan da ake takawa don dagula sauti ko maimaita shi, su ne suka fi cin kuɗin masu sha'awa. Boss DS-1 ta 1978 har yanzu ana sayar da ita. Aikin feda ƙari ne a kan amon da ya riga ya samu, ba ta ƙirƙiro shi.

Hujja mafi kusa a kan haka tana Nijar. Makaɗin jita Mdou Moctar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Faifansa Anar a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin Hausa na lokacin, ya kuma yaɗu daga waya zuwa waya kafin Christopher Kirkley na kamfanin faifai Sahel Sounds ya neme shi. Ƙungiyar Etran de l'Aïr ta Agadas ta fara a 1995 da jita ɗaya marar lantarki, gangarta ƙwarya ce da aka kife a ruwa. Amon da ake kira na hamada a filin biki ya samu, inda ake buɗe ƙaramar amfilifaya har ƙarshe don na nesa su ji, lasifika ta riƙa tsagewa. Tsagewar nan ce yanzu wasu a Turai da Amurka ke sayen feda don kwaikwaya. Wannan ba ya nufin kaya masu kyau banza ne: Mdou bahago ne, samun Stratocaster ta bahagwai ya sake masa hannu, kuma faifan Afrique Victime na 2021 ya nuna abin da salon ke iya yi da kaya masu inganci. Sai dai salon ya riga kayan zuwa.

A sitidiyon zamani ma lissafin ya sauya. Ana soka jita kai tsaye a na'urar shigar da sauti, manhaja ta kwaikwayi amfilifaya da lasifika da feda, ana iya sauya su bayan an gama naɗa. Ga mai aiki a Titin Zoo, abin da ya rage a saye shi ne jitar da ba ta saki, tsirkiya sabuwa, waya marar gunji, da batirin da zai riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta.