Amana da Imani: Sharhi a kan "Mutumin Kirki" na Kirk-Greene

A shekarar 1974 Jami'ar Indiana ta Amurka ta buga laccar A.H.M. Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, inda ya jera halaye goma, ciki har da gaskiya da haƙuri da kunya da amana. Aikin ya amfani manazarta ƙwarai. Sai dai maƙasudin wannan sharhi shi ne nuna cewa jera amana tare da haƙuri da kunya ya rage mata faɗi, domin haƙuri hali ne na mutum ɗaya, amana kuwa ba ta tsayuwa sai tsakanin biyu.

Asalin kalmar shi ne shaida ta farko. Amana da imani da aminci da amini da mumini duk daga saiwa guda ta Larabci suka tsiro, wato alif, mim, nun, wadda ma'anarta kwanciyar rai daga tsoro. Ibrananci yana da 'yar'uwarta, wato amen, kuma Sawahili ya ari imani kamar yadda Hausa ta ara. Abin lura shi ne Latin, wanda ba dangin Larabci ba ne, ya yi irin wannan haɗi. Kalmarsa fides ta ƙunshi imani da cika alkawari, ita ce uwar foi ta Faransanci da faith ta Ingilishi, kuma danginta ce foedus, wato yarjejeniya tsakanin al'ummu. Garin da ya sallama wa Rumawa akan ce ya shiga cikin fides ɗinsu. Haka nan a ƙarni na 19 masarautun Zazzau da Bauchi suka riƙa bai wa wasu ƙabilu da ba Musulmi ba amana, su biya jiziya, a daina kai musu hari. A nan amana ƙulli ne mai sharuɗɗa.

Shaida ta biyu tana cikin nahawun Hausa. Bahaushe yakan ba da amana, ya karɓa, ya riƙe, ya ci. Ke nan ya ɗauke ta kamar kaya mai fita daga hannu zuwa hannu. Hausa kuma tana da nata na gado, wato ba da gaskiya, inda aka sami bangaskiya da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta yi amfani da ita. Masana sun ce credo ta Latin asalinta ɗora zuciya ne, ashe a harsunan biyu gaskatawa miƙa wani abu ne ga wani. Har imani ma Hausa ta ja shi zuwa mu'amala: idan aka ce wane ba shi da imani, yawanci rashin tausayi ake nufi.

Wanda ke son ganin nauyin wannan bambanci ya dubi Tafoki da sauran ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Can manomi ya saba damƙa wa makiyayi shanunsa ba takarda, makiyayi ya bar ajiya a gidan manomi. Da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari, sulhun da gwamnatin Katsina ta ƙulla da su a 2019 bai ɗore ba, aka kuma sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020. Mutanen kirki ba su ƙare a yankin ba, a cikin manoma da makiyaya duka. Abin da ya tsinke shi ne igiyar da ke tsakaninsu, kuma jerin halaye ba zai bayyana wannan ba.

Don haka ya kamata malamai masu koyar da wannan lacca su ware amana, su karantar da ita tare da alkawari da sulhu da maƙwabtaka, domin a nan ne Bahaushe yake ajiye ta.