Jinjina ga Matuƙan Kwale-kwale na Garwa

Matuƙin kwale-kwale a Garwa ya cancanci yabo, domin Kogin Binuwai kan sauya hali sau biyu a shekara. Da damina ruwa kan cika ya yi ƙarfi, musamman idan an saki na madatsar Lagdo da aka kammala a 1982. Da rani kuwa sai ya ja baya, tsibiran yashi su fito, hanyar jiya ta toshe yau. Shi ya sa yaro mai koyon tuƙi kan fara da kwashe ruwa daga cikin jirgi, ya daɗe yana kallo kafin a damƙa masa filafili. A hankali yake koyon karkata hancin jirgi ga ruwa idan zai tsallaka, da kauce wa inda dorina ke kwance.

Wasu za su ce zuwan inji ya rage darajar wannan horo. Gaskiya inji ya sauƙaƙa gajiya, amma ba ya ganin yashin da ke ƙarƙashin ruwa, kuma yana iya mutuwa a tsakiyar kogi da mata da buhunan masara a cikin jirgin. A lokacin, hannun da ya saba da filafili ne kaɗai zai kai su gaɓa.