Ƙafa Kafin Usur: Nazari Kan Alƙalancin Ƙwallon Kwando

Wanda ya saba kallon ƙwallon ƙafa, ranar da ya fara zama gaban wasan ƙwallon kwando, yawan busa ne zai fara damunsa. Mutum goma ne a fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, dogaye, ƙarfafa, suna cuɗuwa a gindin kwando guda. Da duk taɓawa za a busa, da ba a yi minti ɗaya cur ana wasa ba. Da kuma za a zuba ido, da abin ya koma kokawa. Tsakanin nan alƙalin wasa yake neman matsaya, kuma matsayar tana farawa ne daga inda ya ajiye ƙafarsa a fili.

Tun a dokoki 13 na farko na wasan, waɗanda James Naismith ya rubuta a watan Disamba na 1891 a garin Springfield na Amurka, ya gane mutum ɗaya ba zai iya ba. Sai ya raba aikin biyu: wani ya sa ido kan 'yan wasa yana ƙirga laifuffuka, wani ya bi ƙwallo, ya san sa'ad da ta fita, ya riƙe agogo. Wasan ya yi ta ƙara sauri, musamman daga 1954 da gasar NBA ta shigo da agogon sakan 24, wanda ya tilasta wa kowace ƙungiya ta yi jifa kafin wa'adin ya cika. Daga kakar 1988 NBA ta tsaya kan alƙalai uku, kuma haka ake yi a manyan gasannin hukumar FIBA ta duniya.

Ukun nan kowa da gonarsa. Na gaba yana bayan layin ƙarshe, kusa da kwando, inda ake turereniya. Na baya yana biye da masu kai hari, yana lura da mai ƙwallo da jifan nesa. Na tsakiya yana ɗaya gefen, a daidai layin jifan kyauta, yana tsaron abin da ake yi nesa da ƙwallo, inda ake jan riga da sakin gwiwar hannu. Idan ƙwallo ta sauya gefe, na gaba yakan tsallaka, sauran biyun su gyara tsayuwa. Babban kuskuren sabon alƙali shi ne kallon ƙwallo. In duka ukun suka zuba mata ido, an bar mutum takwas ba mai kula da su.

Abin da ake nanata wa masu koyo shi ne su dubi mai tsaro. Ga misali. Ɗan wasa ya taho da gudu zai kai ƙwallo kwando, mai tsaro ya tare shi, suka yi karo, duka suka zube. Rabin 'yan kallo na ihun an tare hanya, rabi na ihun an banke mutum. Doka ta ce in mai tsaro ya riga ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa, yana fuskantar mai tahowa, kuma karon ya same shi a ƙirji, to mai ƙwallo ne da laifi, ko da mai tsaron ya ja da baya ko ya matsa gefe. In kuwa shi ya kutso gaba, ko ya miƙo kafaɗa ko ƙugu, laifin nasa ne. Amsar tana cikin rabin sakan ɗin da ya gabaci karon. Alƙalin da idonsa ke kan mai ƙwallo faɗuwa kawai zai gani, sai ya yi hukunci da ƙarar ihu. Wanda ya matsa taku biyu ya sami kafar da ke tsakanin jikkunan, ya ga ƙafafun mai tsaro tun kafin a haɗu. Shi ya sa gwanaye ba sa busa abin da ba su gani ba daga farkonsa har ƙarshensa.

Shiru ma hukunci ne. Taɓawar da ba ta rage wa ɗan wasa gudu ba, ba ta karkatar da shi ba, ba ta ɓata masa jifa ba, akan bar ta ta wuce. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Nauyin kowace busa babba ne, domin laifi biyar ke fitar da ɗan wasa a dokar FIBA, shida a NBA. Busa biyu na ganganci a zubin farko sun isa su zaunar da gwanin ƙungiya a benci. Abin da 'yan wasa suka fi nema shi ne mudu ɗaya: abin da aka ƙyale a minti na farko kada ya zama laifi a na arba'in, abin da aka busa wa baƙi a busa wa 'yan gida.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika yabawa ba, wato hulɗa da teburin masu ƙidaya da agogo. Nan aka yi ɓarin da ya fi kowanne suna a tarihin wasan. A wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta 1972 a Munich, tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, saura sakan uku Doug Collins ya ci jifan kyauta biyu, Amurka ta shige gaba da 50 da 49. 'Yan Tarayyar Sobiyet suka ce sun nemi hutun shawara ba a ba su ba. Babban sakataren FIBA, William Jones, wanda ba ya cikin alƙalan wasan, ya sa baki ya ce a mayar da agogo sakan uku. Aka sake jefo ƙwallo alhali ba a gama gyara agogon ba, ƙaho ya yi ƙara, Amurkawa suka hau murna. Aka sake a karo na uku, Ivan Edeshko ya cilla doguwar ƙwallo, Alexander Belov ya zura, Tarayyar Sobiyet ta ci 51 da 50. Amurkawa suka ƙi karɓar lambar azurfa. Rigimar ba ta taso daga ganin laifi ba. Fili da tebur ne suka kasa fahimtar juna, aka kuma rasa wanda maganarsa ce ta ƙarshe.

Zamani ya kawo na'ura. NBA ta fara duba bidiyo a 2002, ta buɗe cibiyar duba hotuna a garin Secaucus a 2014, daga 2015 kuma take fitar da rahoton hukunce-hukuncen minti biyu na ƙarshe a wasannin da aka yi kankankan. Wani ɓangare na wannan buɗe littafi neman dawo da amana ne, bayan an kama alƙali Tim Donaghy a 2007 da hannu a cacar wasanni, har aka ɗaure shi wata 15. Sai dai kyamara ta fi gyara sakan da layi. Mafi yawan hukunci har yanzu a guje ake yanke shi.

A filin makaranta ko na unguwa, a Kano ko a Yamai, inda sau da yawa alƙalai biyu ne kuma babu bidiyon da za a koma, kayan aikin ba su wuce na zamanin Naismith ba: a zauna kafin wasa a raba fili, a gaisa da mai agogo a daidaita alamun hannu, sannan a riga ƙwallo isa inda za a yi karo.