DARIYA A BAKIN RUWA

Yau maganata a kan hotunan haɗe-haɗen nan ne da ake turo mana a waya duk sa'ad da wata masifa ta sauka. Yaro zai zauna da kwamfuta, ya yanko kan wannan ya ɗora a jikin wancan, ya ɗauko kada ya ajiye a ƙofar gida, ki rantse haka aka ɗauka. Tun 1990 Photoshop ta fito don irin wannan aiki, yanzu kuwa wayar hannu ma ta isa.

Mu mutanen ƙasar Haɗeja mun san ruwa. Kogin da yake ba mu shinkafa da kifi shi ne yake cinye mana gonaki. A 2020 da 2022 ambaliya ta yi ɓarna a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, a cikin Haɗeja kuwa samari suka yi ta cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa. Ga ruwan da yake gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, ga kachalla ta toshe masa hanya. A irin wannan hali ne masu haɗa hoto suke baje kolinsu.

Ni dai ban ce dariya laifi ba ce. Wanda ruwa ya kora daga ɗakinsa, in bai yi dariya ba baƙin ciki sai ya kashe shi. A ce an haɗa hoton amarya a kwale-kwale, kayan ɗakinta suna iyo a bayanta, 'yan rakiya suna guɗa. Ko a ɗora wani babban mutum da babbar riga a kan buhun ƙasa, wai ya zo jaje bayan ruwa ya janye. Wannan gwaninta ce, don ƙaryar a fili take, kuma bulalar ta sauka a kan mai ƙarfi. Kamar wasan Fulani da Barebari ne, kowa ya san wasa ake yi.

Inda nake da ja shi ne hoton da aka goge shi tsaf har ya yi kama da labari. Ku ji misali. A 2011, da guguwar Irene ta afka wa Puerto Rico, aka baza hoton wani ƙaton kifin teku mai cin mutane yana iyo a kan titi. Ashe daga wani hoto da aka ɗauka a tekun Afirka ta Kudu aka yanko shi. A 2017 ya sake bayyana, wai a birnin Houston na Amurka ne, mutane suka sake yarda. To, in ƙarya ta saba shiga rigar gaskiya haka, ranar da baiwar Allah ta nuna hoton gidanta da ya rushe tana neman taimako, sai a ce ai haɗi ne.

Mafi muni kuma shi ne a ɗauki fuskar wata da take tsakiyar tashin hankali, zaninta a jiƙe, goyo a baya, a mayar da ita abin nishaɗi. Haba jama'a! 'Yar wani ce fa, matar wani ce. Ruwa zai janye, amma hoton yana nan a wayoyin mutane.

Saboda haka 'yar'uwa, kafin ki tura wa ƙawarki, dubi hoton da kyau. Wa ake yi wa dariya a ciki? Da ke ce a wurin, za ki yafe? In kin ga za ki yafe, tura, mu ma mu dara. In ba haka ba, goge shi, ki yi wa mai shi addu'a.

Allah Ya kiyaye mu da ambaliya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri, amin.