Yallabai, fito daga guruf ka zaga ofis

Daren Larabar da ta wuce, ƙarfe 11 saura, muna zaune a ƙofar gida a unguwar Takur a Dutse muna shan iska, sai wayar ƙanena ta yi ƙara. Ya duba, nan take fuskarsa ta canza. Saƙon murya ne daga ogansu, minti huɗu cur, a guruf ɗin WhatsApp na ofis mai mutum sama da 50. Faɗa ake yi masa, da kama suna, kan rahoton da bai miƙa ba. Kafin ya gama saurara, "Noted sir" ta fara zubowa kamar ruwan Agusta, har daga waɗanda zancen bai shafa ba. Abin da ogan bai sani ba shi ne, mako uku ke nan firintar ɗakinsu ba tawada, takardar neman tawadar kuma tana kan teburinsa tana jiran sa hannu.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu bai huce ba. Kun san abin da nake nufi, domin kusan kowa a cikinku yana cikin irin wannan guruf ɗin. Wani sabon salon shugabanci ne ya shigo mana: oga yana ofis ɗinsa a kulle da sanyin esi, ko yana kan hanyar Kano tsakanin Kwanar Huguma da Wudil, umarni na sauka ta waya. Sakula ta zama hoton takarda a karkace. Taro ya zama saƙon murya. Takardar tuhuma, wadda a da ake sakawa a ambulan a miƙa wa mutum shi kaɗai, yanzu a bainar jama'a ake karanta ta, direba na ji, masinja na ji, 'yar bautar ƙasa da ta zo jiya na ji.

Ciwon ya riga wayar zuwa. Da aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata da yawa daga Kano aka kwaso su, iyalansu kuma suka ci gaba da zama a can. Daga nan muka gaji al'adar shigowa Dutse ranar Litinin da hantsi da ficewa tun kafin a sauko daga Juma'a. A da, wanda ya yi haka yana jin kunya, domin kujerarsa tana tona masa asiri. Yanzu wayar ta rufa masa. Ya tura saƙo biyar daga falonsa, ya ga an amsa, ya kwanta da yaƙinin ya yi aikin yini.

To, yallabai, ina tambaya. A cikin "Noted sir" guda 50, wanne ne ya gaya maka silin ɗin ɗakin rajista yana yoyo a kan fayiloli? Wanne ne ya gaya maka akawun nan mai ƙoƙari shekara shida ke nan yana mataki ɗaya ba ƙarin girma? Ba wanda zai rubuta haka a guruf. Ƙaramin ma'aikaci ba ya musu da babba a gaban mutane, tarbiyyarmu ce. Ka tara mutum 50 wuri guda, abin da za ka ji kawai shi ne na'am. Gaskiya sai ka tako da ƙafarka, ka zauna a kan bencin da suke zama, sannan take fitowa a hankali.

Na yi aiki a ƙarƙashin wani dattijon darakta, Allah ya jiƙansa. Kowace Litinin, kafin ya zauna, sai ya bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin littafi a aljihun babbar rigarsa. Ya san sunan mai shara, ya san wanda matarsa ta haihu. Idan ka yi kuskure, masinja zai raɗa maka a kunne cewa ana kiranka. Ka shiga, ya ce ka turo ƙofa, ya wanke ka tas, sannan ya tambaye ka me ya hana aikin tafiya. Ka fito ba wanda ya san abin da ya faru. Yabo kuwa a gaban kowa yake yin sa. Mun ji tsoronsa, amma ba mu taɓa ɓoye masa matsala ba.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne. Sunansa rangadi, kuma sarakunanmu da hakimai sun daɗe suna yin sa. Har yau dattawan ƙasar nan suna ambaton Audu Bako, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, a matsayin gwamnan da yake zuwa ya duba aiki da idonsa. Kamfanin Toyota na Japan ma ya mayar da abin ƙa'ida: manaja ya je inda ake aikin ya gani da kansa kafin ya yanke hukunci. Mu da muke cewa zuwa da kai ya fi aike, mu ne za a koya wa wannan?

Na yarda, guruf yana da ranarsa. Jiha mai ƙananan hukumomi 27, idan sanarwar gaggawa za ta isa Gwaram da Birniwa a lokaci guda, ba abin da ya kai shi sauri. Iyakarsa ke nan: sanarwa.

Amma gyaran ma'aikaci, da sauraron kukansa, da sanin wanda yake aiki da wanda ya fi kowa saurin tura "Noted sir", waɗannan ba sa yiwuwa ta waya. Kuma mutumin da ya tashi aiki ƙarfe huɗu yana da haƙƙin cin tuwon dare da iyalinsa ba tare da muryar oga a kunnensa ba.

Don haka ina roƙon duk wanda Allah ya ɗora a kan mutane, ko da mutum uku ne: gobe da safe ka ajiye wayar a aljihu, ka shiga ɗakin da ka fi daɗewa ba ka shiga ba, ka tambayi na ciki me suke buƙata. Wanda ya yi laifi kuma, ka kira shi ka rufe ƙofa. Amana ce aka ba ka, kuma za a tambaye ka a kanta.