Haƙorin kwamfuta ba ya jin zafi: me na'urar kwaikwayo ke koya wa ɗaliban likitancin haƙori?

Idan ka taɓa zama a kujerar likitan haƙori, ka san ƙarar injin nan da ake ƙwaƙule ruɓaɓɓen haƙori da shi. Kansa na iya juyawa fiye da sau 300,000 a minti ɗaya. Tambayar ita ce, a bakin wa likitan ya fara koyon riƙe shi?

Tun 1894, lokacin da wani likitan haƙori ɗan Sikotland mai suna Oswald Fergus ya fito da kan mutum-mutumi na koyo, ɗalibai suke gwada hannunsu a kan haƙoran roba ko waɗanda aka cire wa majinyata. Yanzu kuma an shigo da na'urar kwaikwayo. Wadda ta fi shahara ita ce Simodont, da kamfanin Moog ya ƙera tare da makarantar likitancin haƙori ta ACTA da ke Amstadam, ƙasar Holan. Ɗalibi zai sa tabarau ya leƙa allo, ya ga haƙori kamar na gaske, ya riƙe abin da ya yi kama da injin. Ƙananan motoci a ciki suna tura hannunsa baya, sai ya ji taurin farin ɓawon waje, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, ya ji laushin dentin da ke ƙarƙashinsa, sannan ya ji yadda wurin da ya ruɓe ke burmawa.

Gaskiya akwai alheri a nan. Haƙorin roba idan ka ɓata shi, shi ke nan, sai a sayi wani. Na kwamfuta kuwa danna maɓalli kawai za ka yi ya dawo sabo. Na'urar tana ƙirga yawan abin da ka ƙwaƙule da inda ka wuce iyaka, ba ta san ɗan gida ko baƙo ba wajen ba da maki.

To amma a nan ne nake ganin ana wuce gona da iri. Na'ura tana auna abin da ke da sauƙin aunawa ne kawai. Bakin mutum kuwa yana da miyau da ke lulluɓe madubi, da harshe da ba ya zama wuri ɗaya, da dasashi mai zubar da jini. Ga yaron da ya rufe baki don tsoro, ga dattijuwar da ba za ta ce maka tana jin zafi ba sai dai ka gani a idonta. Kuma maɓallin nan na sake farawa yana da nasa haɗarin: wanda ya saba kuskure ba ya cin sa komai, yaushe zai koyi tsoron huda ɓargon haƙori, inda jijiyoyi suke? A bakin mutum wannan kuskuren ba ya gogewa.

Ka kuma lura da irin binciken da ake kafa hujja da shi. Da yawa daga ciki ɗalibai 'yan kaɗan ne na makaranta ɗaya, ana tambayar su ko sun ji daɗin na'urar, ko kuma a gwada su a kan haƙorin roba bayan 'yan makonni. Jin daɗin ɗalibi daban, cikon da zai shekara goma a bakin majinyaci daban.

Saboda haka idan ka ji wata makaranta, a Turai ko a nan gida, tana alfahari da sayen irin wannan na'ura, ka yi tambaya uku. Awa nawa aka rage daga aiki da majinyata na gaske? Wa zai gyara ta idan ta lalace, da wace wutar za ta yi aiki? Kuɗin nata kujerun asibiti nawa zai saya?

Wurin na'urar shi ne shekarun farko, lokacin da hannu ke rawa. Bayan nan sai malami a tsaye, da majinyaci a kujera.