Masu Ɗiba da Masu Yasa: Hakkin Buɗaɗɗiyar Manhaja a Kan Kamfanoni

Duk ƙarshen wata, majo na asibitin CSI a Cadawa ko Gangara ko Tsibiri yakan haɗa alƙaluman abin da ya gani: yara nawa zazzaɓin cizon sauro ya kawo, nawa tamowa ta kama, mata nawa suka zo awon ciki. Alƙaluman nan suna ƙarewa a manhajar DHIS2, wadda ma'aikatar lafiya ta Nijar ta ɗauka kamar yadda ƙasashe fiye da 70 suka yi. Jami'ar Oslo ce ke jagorantar gina ta, amma rumbun da ke riƙe bayanan a ƙarƙashinta wata manhaja ce daban, PostgreSQL, wadda aka faro a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1986. Dukansu buɗaɗɗu ne: kowa na iya ɗauka, ya gyara, har ya sayar da hidima a kansu bai biya kowa ko dala ba. Ke nan lissafin magani da allurar rigakafi na gundumomin Agye da Gazawa, da na Gidan Rumji inda 'yan gudun hijirar Najeriya suka ƙara wa asibitoci nauyi tun 2019, ya rataya ga aikin mutanen da ba sa aiko mana da takardar biya. Shi ya sa tambayar wa ke ciyar da wannan aiki ta shafe mu.

Manhaja irin wannan kamar rijiyar gari take: ɗiba ba ya ƙarar da ita, rashin yasa ne ke kashe ta. Yasar kuwa ita ce toshe kafar da ɓarayin intanet za su bi, da gyaran kurakurai, da duba aikin da wasu suka kawo kafin a karɓa. Aiki ne na kullum, babu suna a cikinsa, kuma kyautar kuɗi ta lokaci ɗaya ko ɗaukar nauyin taro ba sa yin sa. Saboda haka ramawar da ta amsa sunanta ita ce kamfani ya riƙa biyan albashin masu wannan aiki, ya kuma mayar da gyaransa cikin uwar manhajar domin kowa ya amfana, har da abokin hamayyarsa. Haka kamfanonin EDB da Fujitsu da NTT suke yi wa PostgreSQL, haka Microsoft tun da ya sayi Citus Data a 2019. Da irin wannan hannu ne ake fitar da sabon babban zubi kowace shekara, ana kuma ci gaba da gyaran kowane zubi har shekara 5.

Akwai masu cewa dogaro da ramawar kamfanoni yarda ce ta makanta, tunda lasisin bai tilasta wa kowa ramawa ba. Suna da hujja. Manyan kamfanonin da ke hayar kwamfutoci ta intanet, Amazon a gaba, sun tara riba da manhajojin da wasu suka sha wahalar ginawa, abin da ya sa MongoDB ya tsuke lasisinsa a 2018, Elastic a 2021, Redis a 2024. Sai dai a duba abin da ya biyo baya. Masu taimakon Redis sun ɓalle da reshensu, Valkey, a ƙarƙashin Linux Foundation, kuma a 2025 Redis ya dawo da lasisi buɗaɗɗe. Kafin nan, da manhajar MySQL ta kama hanyar shiga hannun kamfanin Oracle, wanda ya ƙirƙire ta ya kafa MariaDB a 2009. A duk waɗannan kamfani ɗaya ne ke da wuƙa da nama, kuma babu mai son yi wa abokin gasarsa aiki kyauta. PostgreSQL ba ta da mai ita, shi ya sa kamfanoni masu hamayya suke iya zuba ƙwararrunsu ba tare da tsoron a rufe musu ƙofa gobe ba. Abin da ke jawo ramawa shi ne shugabancin da ba na mutum ɗaya ba, fiye da tsaurin lasisi.

Wani zai ce ai wannan rigimar manya ce, mai fama da ƙarancin rezo da ɗaukewar wuta ba shi da abin bayarwa. Ban yarda ba. A farkon 2020 ƙwararrun Siri Lanka ne suka haɗa tsarin bibiyar korona a kan DHIS2, aka ɗauke shi aka gyara wa ƙasashe da dama. Mai shigar da bayanai a ƙauyen Gangara ya fi injiniyan Oslo sanin inda manhaja ke maƙalewa idan rezo ya tafi, kuma wannan sani ba ya isa ga masu gyara sai wani ya rubuta ya aika. Nan ne nauyin kamfanoni da ƙungiyoyin da ke karɓar kwangilar girka manhajojin a jihar Maraɗi yake. Ma'aikatar lafiya da masu ba da kuɗi na iya rubuta shi cikin kwangila: a buɗe duk ƙarin da aka gina, a kai rahoton kurakurai ga uwar manhaja, a fassara abin da ma'aikacin ƙauye ke gani zuwa Hausa, a kuma horar da matasan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kula da rumbun kafin a biya kashin ƙarshe na kuɗin.